Yadda Za Ki Yi wa Kayan Sana'arki Sitika Mai Ɗorewa, Daga Awon Gora Zuwa Mannawa

Ranar da na fara kai zoɓo mai sitika gidan biki, gora 120 na jera a kula biyu, na zuba ƙanƙara a kai, na rufe ina jin kaina. Da aka buɗe kular bayan la'asar, sai ga sunan sana'ata yana iyo a saman ruwa. Takardun sun jiƙe sun saɓule, jan launin ya zuba ya ɓata hannun mutane. An sha zoɓon, an yaba, amma ba wanda ya koma gida da lambar wayata, alhali dominta na kashe kuɗin tun farko. Mai bugawar bai cuce ni ba, abin da na ce ya buga shi ya buga. Ni ce ban gaya masa cewa a cikin ƙanƙara kayan za su wuni ba, shi kuma bai tambaya ba.

Tun daga ranar na gane cewa mun saba fara aikin sitika ta wutsiya. Muna fara tunanin launi da hoton da za a sa, mu bar tambayar da ta fi kowace muhimmanci: ina wannan kayan zai shiga bayan ya bar hannuna? Da mata 'yan'uwana masu zoɓo, kunun aya, yaji, dambun nama, humra da man shafawa nake magana, amma mai kilishi da mai zuma ma za su sami rabonsu a ciki.

Mataki na farko: ki bi kayan da ido har hannun mai saye

Kafin ki je wurin kowa, ki zauna ki lissafa wahalar da sitikar za ta sha. Kayan sha za su shiga firij ko ƙanƙara, su fito su yi gumi, a sake mayar da su. Man gyaɗa da man kaɗanya da dambun nama suna da maiƙo, kuma maiƙo ba ya zama inda aka ajiye shi, sai ya biyo bakin murfi ya gangaro. Humra da turaren fesawa suna narkar da wasu nau'o'in tawada. Yaji da garin kunu busassu ne, ba ruwansu da ruwa, amma za su zauna a kanta cikin zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu. Kayan da za a ɗora a mota daga Kano zuwa Abuja ko Legas za su yi ta gugar juna a cikin kwali.

Sai mazubin kansa. Kwalba da gorar ruwa mai haske, irin wadda aka rubuta PET a gindinta, gam na kama su sosai. Farar roba mai kauri irin ta jarkar man girki ko ta yogot, wadda za ki ga an rubuta HDPE ko PP, tana da santsin da gam mai araha ba ya riƙewa, sai ki ga gefen sitikar yana ɗagowa bayan kwana biyu. Leda mai zif kuwa tana lanƙwasa, don haka tana son sitika mai laushi wadda za ta bi ta.

Abu ɗaya da zan roƙe ki: ki tsayar da mazubi guda, wanda kika tabbata za ki riƙa samunsa duk lokacin da kika shiga kasuwa. Na ga masu buga sitika dubu a kan wata gora mai kyan gani, wata biyu gorar ta ɓace daga Sabon Gari, sitikar ta zama ta ajiya.

Mataki na biyu: suna, da tabbatar da cewa naki ne

Suna gajere, mai daɗin faɗa a waya, shi ya fi tafiya. Ki gwada shi a bakin yara da tsofaffin gidanku. In sun kasa maimaitawa, mai saye ma zai kasa. Kafin ki ƙwallafa rai a kansa, ki duba shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ko wani ya riga ki, ki kuma leƙa Instagram da Facebook. Sunaye irin su Albarka da Alheri da Nagarta suna da daɗi, amma masu su sun yi yawa har ba sa bambanta kowa da kowa.

Akwai ruɗanin da ya kamata a warware a nan. Rajistar sunan kasuwanci a CAC daban, rajistar tambarin kaya daban. Ta biyun ana yin ta ne a ofishin rajistar tambura da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya, kuma ita ce ke ba ki ƙarfin hana wani buga sunan kayanki a kan nasa. Tana yin shekara 7 a karon farko, daga nan a riƙa sabunta ta duk shekara 14. An kasa kayayyaki aji-aji har 45: sabulu da turare da man shafawa suna aji na 3, nama da man girki na 29, yaji da zuma na 30, kayan sha irin su zoɓo na 32. Mai sayar da yaji da humra da suna ɗaya, aji biyu take buƙata ke nan.

Ba dole ba ne ki gama duk wannan kafin ki buga sitikar farko ta sayarwa a unguwa. Amma in kina da niyyar neman lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ki sani za a nemi shaidar rajistar sunan, kuma za a duba zanen lakabin kansa kafin a amince. Saboda haka kada ki buga da yawa kafin su gani, don gyaran kalma ɗaya kan jawo zubar da duka.

Mataki na uku: abin da za a rubuta

A nan ne nake son mu daɗe, domin a nan ake gane mai sana'a da mai gwaji. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana da ƙa'idojin lakabin abincin da aka ƙunshe, kuma ko ba ki yi rajista ba tukuna, bin tsarinsu zai sauƙaƙa miki gaba. Abubuwan da ake so a gani su ne sunan abin da ke ciki a fili, kayan haɗi, nauyi ko yawansa, sunan mai yi da adireshin da za a iya zuwa a same shi, lambar rukunin haɗi, ranar da aka yi, ranar da zai daina amfani, da yadda za a adana shi.

Kayan haɗi ana jera su ne daga wanda ya fi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. A zoɓo, ruwa ne farko, sai sukari ko zoɓon, gwargwadon wanda ya fi nauyi a haɗinki, sannan citta, kanumfari da sauransu. Ba a ce ki tona sirrin awonki ba, sunayen kawai ake so. In akwai gyaɗa a ciki, ki faɗa ɓaro-ɓaro. Mu mun san yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake yinsa, kilishi kuma da tunkuza ake shafe shi, amma baƙon da ya saya a kanti bai sani ba, kuma akwai mutanen da gyaɗa ke tayar wa da ciwo mai tsanani. Haka madara, ƙwai, alkama, waken suya da kifi.

Nauyi kuwa da giram ko mililita ake rubuta shi, ba da gwangwani ko ludayi ba. Ki sayi ƙaramin sikeli na kicin, ki auna mazubin babu komai, ki cire nauyinsa. In kin rubuta giram 200, to giram 200 na yaji ake nufi, ban da robar.

Abubuwa biyu ne nake jan kunne a kansu. Na farko, kada ki kuskura ki ƙirƙiri lambar NAFDAC ko ki ari ta wani, ko da mai zane ya ce kowa haka yake yi. Laifi ne da ke kai mutum ga kama kaya da rufe wurin sana'a, kuma lambar ana iya bincika ta. In ba ki da ita, ki bar wurin babu komai. In kin samu, ki tuna shekara 5 take yi a sabunta. Na biyu, ki guji rubuta cewa kayanki na maganin hawan jini ko ciwon suga ko basir. Abinci ba a yarda a tallata shi a matsayin magani ba, kuma wannan layin kaɗai ya isa a ƙi karɓar lakabinki.

Harshe fa? Ƙa'ida ta nemi bayanan su kasance da Turanci, amma ba ta hana ƙara wani harshe ba. Ni nakan sa sunan kaya da Hausa da manyan baƙaƙe, bayanin dole da Turanci, sai layi ɗaya na Hausa mai taɓa zuciya. Mai aika kaya Maraɗi ko Damagaram, Faransanci zai fi yi mata amfani a wannan gurbin.

Wata shawara da wata dattijuwa ta ba ni, wadda ban taɓa mantawa ba: ledar yaji da gorar kunu ƙarshensu bola ne ko kwata. Kada a buga aya ko sunan Allah a kan abin da aka san za a yar.

Mataki na huɗu: awo

Ba sai da na'ura ba. Ki yanki farar takarda, ki naɗa ta a jikin gorar, ki yi alama da biro, ki buɗe ki auna da rula. In kin fi son lissafi, faɗin gorar sau 3.14 shi ne kewayenta: gora mai faɗin santimita 6, kewayenta ya kusa santimita 19. In kina son sitikar ta zagaye ta hau kan kanta, ki ƙara rabin santimita. In kina son a riƙa hango abin da ke ciki, ki bar tazarar yatsa biyu a baya. Ga kayan da launinsu ke jan ido kamar zoɓo da zuma, barin tazarar ya fi.

Ki nemi wurin da jikin mazubin ya miƙe sumul. Yawancin goruna suna da ƙugu ko zobba a jiki, kuma sitikar da ta hau kan lanƙwasa dole ta yi tattara. Ki bar aƙalla milimita 3 tsakanin gefen sitika da inda lanƙwasar ta fara, sama da ƙasa. Roba mai faɗin baki da tsukakken gindi, irin ta yogot ko dambu, tana da nata halin: sitika mai kusurwa huɗu in ta zagaye ta sai ta karkace ta yi sama kamar murmushi. Mafita ita ce ƙaramar sitika a gaba, ko mai da'ira a kan murfi, ko a yanka ta da ɗan lanƙwasa daidai da jikin robar.

Da kin sami awon, ki yanki takarda daidai girman, ki liƙa da tef, ki ajiye a kan tebur, ki ja da baya taku uku. Ido zai gaya miki abin da rula ba ta faɗa ba.

Mataki na biyar: irin takardar

Sitikar takarda ita ce mafi araha, kuma ta wadatar ga busassun kaya: yaji, garin kunu, turaren wuta, kwalin cincin. Ruwa da maiƙo ne abokan gabarta. Akwai mai ruwan ƙasa irin ta jakar siminti, tana ba kaya kamannin gargajiya mai tsabta, sai dai launuka masu haske ba sa fita a kanta, baƙar tawada ce ta fi dacewa da ita.

Sitikar roba, wadda masu bugawa ke kira binil ko BOPP, ita ce ta kayan sanyi da masu maiƙo. Hanyar gane ta mai sauƙi ce: ki yi ƙoƙarin yaga ta da hannu. Takarda za ta yage, roba sai dai ta miƙe. Akwai fara, akwai mai haske kamar gilashi. Mai hasken tana da kyau a kwalbar humra, amma ki yi hattara: yawancin injinan bugawa ba su da farar tawada, farin takarda suke dogara da shi. In aka buga jan rubutu a sitika mai haske aka manna a gorar zoɓo, rubutun ya nutse ke nan. Ki tambayi mai bugawar ko injinsa na sa fari a ƙasa.

Sai lamineshin, wato siririyar ledar da ake shimfiɗawa a saman bugu. Ita ke kare tawada daga guga da turare da mai. Mai sheƙi tana fito da launi, tana ɗaukar ido a kanti. Marar sheƙi tana ba da kamannin tsada, kuma ta fi kyau a hoton waya domin ba ta mayar da haske. Amma kada a ruɗe ki: takardar da aka yi wa lamineshin ba ta zama roba ba. Ruwa zai shiga ta gefen da aka yanka, ta kumbura daga ciki. Za ta jure gumin firij na ɗan lokaci, ba za ta jure wuni cikin ƙanƙara ba.

Masu son bugawa a gida da firinta, ku sani tawadar ruwa ta ƙananan firintoci tana zuba da zarar ta jiƙe; ta leza mai garin tawada ta fi juriya. Ƙananan injinan nan masu bugawa da zafi, irin takardar rasit ɗin POS, rubutunsu na dishewa a rana da zafi. Sun dace da adireshin aika kaya, ba su dace da lakabin da zai yi wata shida a kanta ba.

Mataki na shida: zane

Mai saye a kanti daƙiƙa kaɗan yake ba kayanki. Abu uku ya kamata ya gani daga nesa: sunanki, mene ne a ciki, da yawansa. Sauran bayanai su koma gefe ko baya. Babbar cutar sitikunmu ita ce cunkoso: hoton tumatir da attarugu da tukunya da tauraro, launi bakwai, salon rubutu biyar, lambar waya uku. Launi biyu ko uku sun isa, salon rubutu biyu, lambar waya ɗaya wadda ake ɗauka. Ki zaɓi launin da zai zama naki, ki riƙe shi a kan kowane kaya da leda da kati, har a riƙa gane naki tun kafin a karanta. In kina da yaji iri uku, tsarin ya zama ɗaya, ɗan layin launi kawai ya bambanta mai zafi da marar zafi.

Za ki iya zanawa da kanki a Canva ta waya, ko ki ba mai zane. Yawancin madaba'unmu da CorelDRAW suke aiki. Ko wanne kika bi, ga abubuwan da za ki nace a kansu. Launi ya kasance a tsarin CMYK na bugawa, ba RGB na fuskar waya ba. Shi ya sa shuɗi da kore masu ƙyalli a waya kan fito a dushe a takarda. Hotuna su kasance masu ƙarfin 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto. A bar rarar launi ta milimita 3 a kowane gefe bayan layin yanka, don in wuƙa ta ɗan goce kada farin layi ya bayyana, rubutu kuma ya shige ciki da milimita 3. Ƙananan rubutu kada su gaza maki 6 a ma'aunin girman rubutu na kwamfuta, kuma siririn farin rubutu a kan baƙi yakan cushe.

Ga wata matsala tamu ta Hausawa: baƙaƙe masu ƙugiya. Salon rubutu da yawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai ki ga zoɓo ya fito da akwati a tsakiyarsa, ko harafin ya fito da wani salo daban kamar baƙo a cikin dangi. Ki duba wannan da idonki, sannan ki ce wa mai zanen ya mayar da rubutun ya zama zane kafin ya fitar da fayil, don kada kwamfutar madaba'a ta sauya shi. Fayil ɗin kuma PDF za ki karɓa. In ta WhatsApp za a turo, a turo shi a matsayin takarda, domin in aka turo a matsayin hoto manhajar na matse shi ya rasa kaifi. Ki karɓi asalin fayil ɗin da ake iya gyarawa ki adana a imel ɗinki. Kuɗinki kika biya, kuma masu zane suna sauya waya, suna barin gari.

Kafin a buga, ki ba mutum biyu su karanta, ɗaya ya kira lambar wayar da ke jiki a gabanki.

Mataki na bakwai: wurin mai bugawa da lissafin kuɗi

Ki tafi da mazubin a hannu, da kayan a ciki in zai yiwu, ki ce masa: “Malam, wannan cikin ƙanƙara zai kwana, wace takarda za ta riƙe?” Mai bugawa na kirki zai ji daɗin tambayar.

Ga ƙaramin adadi, bugu a kan takardar A3 ake yi, wadda girmanta santimita 29.7 ne da 42. Farashin na takarda ne, don haka yawan sitikar da ta shiga takarda ɗaya shi ne ribarki. Ga misali: sitika mai santimita 10 da 6, in aka haɗa da rarar gefe da bakin da inji ba ya bugawa, guda 12 ke shiga. In kika rage tsawon zuwa 9.5, guda 16 za su shiga. A ce takarda ɗaya naira 1,200 ce: a awon farko kowace sitika ta tashi naira 100, a na biyu naira 75. Rabin santimita da ba wanda zai lura da shi ya rage miki kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin. Ki ce mai zane ya jera miki ya gani kafin a tsayar da awo.

Ki tambayi yadda za a yanka. Yankan wuƙa miƙaƙƙe ne, ya fi araha. Da'ira da sauran siffofi sai injin yanka, wanda ke yanke sitikar ya bar takardar bayanta, ki riƙa ɓarewa cikin sauƙi. In za ki iya, ki sa a zagaye kusurwoyin, domin kusurwa mai tsini ita ke fara ɗagowa.

Idan sana'a ta kai ga dubbai a wata, lokacin komawa sitikar naɗi ya yi, wadda farashin guda ke sauka sosai, sai dai akwai kuɗin farantin da ake ɗora zanen a kai don bugawa, da mafi ƙarancin adadin da za a karɓa. Manyan ayyuka irin wannan da yawa Legas ake kai su, musamman Shomolu, unguwar da ta yi suna da madaba'u. Kuma ki lura da lokaci: gab da azumi da Sallah, da lokacin zaɓe da ake ta buga fastoci, layi kan yi tsawo. Ki kai aikinki da wuri.

Mataki na takwas: gwaji, wanda ba a tsallake shi

Takarda ɗaya ko biyu za ki fara bugawa. Ki manna a mazubi biyar, ki bar su kwana ɗaya gam ya kama, sannan ki gana musu azaba. Ɗaya cikin bokitin ruwan ƙanƙara daga safe zuwa dare. Ɗaya a firij, ki riƙa fito da ita tana gumi kina mayarwa. Ɗaya a rana tsawon kwana uku. Ɗaya ki ɗiga mata man ko turaren da kike sayarwa, ki goga da yatsa. Ta ƙarshe ki jefa ta cikin jaka tare da makullai ki yi yawon wuni da ita. Wadda ta faɗi jarabawar da ta shafi kayanki, ki koma a sauya takarda ko a ƙara lamineshin.

Samfurin da kika amince da shi, ki sa hannu a bayansa ki ajiye. Ran da za a sake bugawa ki tafi da shi, domin launi kan bambanta daga inji zuwa inji, har ma daga rana zuwa rana a inji ɗaya.

Mataki na tara: mannawa

Rabin sitikun da ke ɓarewa ba laifin gam ba ne, laifin mannawa ne. Gam ba ya kama jiƙaƙƙen wuri, ko mai sanyi, ko mai maiƙo, ko mai ƙura. Ki manna tun mazubin yana busasshe, kafin a zuba kaya in zai yiwu, kuma lallai kafin ya shiga firij. Kwalbar da hannu mai mai ya taɓa, ki goge ta da auduga da sifirit, ki bari ta bushe. In da zafi kike zuba kaya, ki jira ya huce.

Don kada su karkace, ki yi wa gorar ɗan mazauni: katako biyu a kwance da tazarar da gorar za ta zauna a tsakaninsu ba ta mirgina ba, da alamar biro inda gefen sitika zai tsaya. Ki ɓare gefe ɗaya, ki daidaita, ki fara dannawa daga tsakiya zuwa gefuna da babban yatsa ko tsohon katin ATM, iska na fita. In gorar tana da layin haɗi a jiki, ki mai da shi ma'auninki. Bayan nan ki ba su awa 24 kafin sanyi. Yara suna son wannan aikin, amma ki tsaya a kansu goma na farko.

Kwanan wata da lambar rukuni ba a buga su tare da zane, tun da kullum sauyawa suke. A bar musu farin gurbi. Ki sayi hatimin kwanan wata mai juyawa da tawadar da ba ta gogewa, ko ki yi amfani da alƙalamin maka mai siririn baki. Tawadar hatimin ofis ba ta bushewa a kan lamineshin, da an taɓa ta shafe. In haka ne, ki yi ƙaramar farar sitika daban don kwanan wata. Lambar rukuni ba wani abin wahala ba ce: ki ba kowane haɗi lamba, ki rubuta a littafi ranar da aka yi shi da inda aka sayo kayan. Ran da wani ya kira ya ce kunun ya yi tsami, za ki san waɗanne goruna ne 'yan uwansa. Ranar daina amfani kuma ki samo ta daga gwajin ajiye kayanki, ba daga kwaikwayon na wani ba. Kunun aya ba ya jimawa ko a firij, ki rubuta gaskiyar kwanakinsa.

Sai rufin baki. Siririyar sitika da ta taso daga murfi ta sauko jikin roba, ko zoben leda da ake busa wa zafi da na'urar busar gashi ya kama murfin, suna nuna wa mai saye cewa ba a buɗe ba. Kuɗinsu kaɗan ne, kuma masu kanti suna dubawa.

Layukan da ake haskawa a kanti

Muddin a unguwa da WhatsApp kike sayarwa, ba ki buƙatar bakod, wato layukan nan da ake haskawa wurin biyan kuɗi. Ran da babban kanti ya nema, daga GS1 Nigeria, ƙungiyar da ke ba da lambobin bakod, ake samun lambar ta gaskiya, mai alƙaluma 13 da ke farawa da 615. Kowane kaya da kowane girma da lambarsa: yajin giram 100 daban, na giram 250 daban. Kada mai zane ya kwaso miki wata daga intanet don ado, domin ta wani kayan ce. A buga ta baƙi a kan fari, da sarari a gefe da gefe, faɗinta kusan santimita 3.7. Jan layi ba ya karantuwa, saboda hasken na'urar ja ne. A siririyar gora, a tsayar da ita yadda layukan za su kwanta kamar matakalar tsani, don lanƙwasar gorar kada ta hana karantawa. Lambar QR mai kai mutum WhatsApp ɗinki kyauta ake yin ta. Kada ta gaza santimita 2, kuma ki haska ta da wayoyi biyu a kan samfurin da aka buga.

Ragowar sitikun da ba ki manna ba, ki sa su a leda mai zif, a kwance, cikin durowa nesa da murhu da taga. Zafi na busar da gam, damina kuma na sa takarda ta nannaɗe. Ki buga abin da za ki cinye cikin wata uku zuwa shida, ki rubuta a jikin ledar ranar da aka buga da irin takardar, don in za ki koma madaba'a ki san abin da za ki ce a sake yi miki.